Carousel of Progress: a sauya injin, a bar mutanen

A Magic Kingdom, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke Florida a Amurka, can gefen unguwar Tomorrowland, akwai wani zagayayyen gini da galibin masu ziyara ke wucewa da sauri don su kama layin jiragen gudu. Sunansa Carousel of Progress, wasa ne na mutum-mutumi masu motsi da ke nuna yadda kayan zamani suka sauya rayuwar gida. An fara nuna wasan a baje kolin duniya na New York a 1964 da kuɗin kamfanin General Electric, aka kai shi Disneyland, wurin shaƙatawar Disney na California, daga 1967 zuwa 1973, sannan ya sauka inda yake yanzu a watan Janairun 1975. Duk lokacin da aka tayar da maganar ko ya kamata a kwashe tsofaffin mutum-mutumi masu motsi a kawo sababbin wasanni, sai an ambaci sunansa. Bayan zama a cikinsa, hukuncina shi ne bai cancanci rushewa ba, amma akwai ɓangare guda da ya daɗe yana neman gyara.

Tsarin ginin kansa abin kallo ne. Dandalin yana tsakiya, ba ya motsi. Kujerun 'yan kallo ne ke zagaya shi, an raba su ɗaki shida: ɗaya na shiga, huɗu na wasa, ɗaya na fita. Kowane ɗaki na ɗaukar mutum 240, wasan kuma kusan minti 21 ne. Saboda haka layi ba ya tsawo, babu ƙa'idar tsayi ga yara, ga sanyin na'ura a garin da zafinsa ke haɗe da gumi. Abu ɗaya za a kiyaye: kada a tashi ana cikin wasa. Ɗakunan shida tare suke juyawa, idan mutum ɗaya ya miƙe ya nufi ƙofa sai a tsayar da juyawar, kowa a ginin ya sake kallon fitowar da ya riga ya gani. Mai ƙaramin yaro ya kai shi bayan gida tun kafin a shiga. Kujerun tsakiya, layi na uku ko na huɗu, su suka fi, domin daga gefe ba a ganin ƙananan fitowar da ke bayan labulen raga sosai.

Iyali ɗaya ake bi: maigida John, uwargida Sarah, 'ya'yansu, kakanni, da kare Rover kwance a gaba. A fitowar farko, wajen 1900, John na zaune a kicin yana alfahari da akwatin ƙanƙara da famfon hannu, Sarah kuma ta samu injin wanki da ya rage mata aikin kwana biyu zuwa awa biyar. A ta biyu, shekarun 1920, wayoyin lantarki sun rataya ko'ina a ɗakin kamar igiyar shanya, ana kunna kayan gaba ɗaya fis ya ƙone, unguwa ta yi duhu. A nan ne aikin ya fi kyau. Dubi karen: ya ɗaga kai, ya kaɗa jela, ya sake kwantar da haɓa. Motsi uku ko huɗu ne kacal, amma an jera su daidai da maganar maigidan, har mutum ya manta ƙarfe ne sanye da gashi. Haka hannun John, yana magana yana ɗan juya tafi, ya tsaya, ya karkata kai. Ba yawan gaɓoɓi ke sa a yarda da mutum-mutumi ba, lokacin da kowace gaɓa ta motsa ne.

Masu cewa a kwashe suna da hujja, kuma hujjar tana ƙarƙashin fatar. Tsofaffin mutum-mutumin Disney iri biyu na ƙarfi suke amfani da shi. Ƙananan motsi, irin buɗe bakin tsuntsayen Enchanted Tiki Room na 1963, iska ce mai matsi ke yin su: bawul ya buɗe, ya rufe, shi ke nan. Manyan motsi, ɗaga hannu ko sunkuyar da jiki, mai ne ke tura su, irin yadda tifa ke ɗaga bodinta. Famfo na tura man ta tiyo zuwa silinda, bawul na auna yawan da zai wuce, wata 'yar na'ura a gaɓar na faɗa wa kwamfuta inda hannun ya kai. Matsalolin a jere suke zuwa. Robar da ke toshe silinda ta tsufa ta fara yoyo, man ya jiƙa tufafi ya ci fata. Datti ya shiga bawul, motsi ya riƙa fizga. Iska ta shiga layin mai, hannu ya riƙa lilo kafin ya tsaya. Na'urar auna wuri ta cinye, kai ya riƙa karkarwa. Fatar roba kuma a gefen baki da wuya da kewayen ido take fara yagewa, don nan ne ke lanƙwasa sau dubbai kowace rana. Ƙari a kan haka, kayan gyaran wasu tsofaffin na'urorin sarrafawa an daina ƙera su, kuma gyaran yau da kullum da dare ake yi bayan an rufe ƙofa.

Sai dai duk abin da na lissafa kayan ciki ne, ana iya cire su a sa wasu. Tun 1989 Disney ya fito da samfurin A-100, wanda ke shanye girgiza idan hannu ya tsaya kwatsam. Daga baya aka koma injinan lantarki, kamar samfurin A-1000 da aka gani a 2019 a Galaxy's Edge, sashen fim ɗin Star Wars na wuraren Disney: babu mai, babu yoyo, motsi ya fi santsi. Country Bear Jamboree, wasan mutum-mutumin beyoyi mawaƙa da ke aiki tun 1971, an rufe shi a Janairun 2024 aka buɗe a Yuli da beyoyin nan dai, da sababbin kaya da waƙoƙi. Ko a da can ba a zubar da su. Wasan America Sings da ya gaji ginin Carousel a Disneyland ya tsaya a 1988, aka kwashe dabbobinsa aka sa a Splash Mountain, wasan hawa kwale-kwale, a 1989, suka yi aiki sama da shekara talatin a wuri mai ruwa da danshi.

Kuma sabo ba shi ne mai ƙarko ba kullum. Dodon Yeti na jirgin gudun Expedition Everest, mai tsayin kusan mita bakwai da rabi, an buɗe shi a 2006, bai daɗe ba ya daina cikakken motsinsa. Shekara da shekaru fitila mai walƙiya ake haska shi da ita don ya yi kamar yana motsi. An ba shi ƙarfi mai yawa, aka kuma gina shi a cikin dutsen inda kai masa hannu babban aiki ne. Karen Carousel kuwa, mai motsi uku, ya shafe shekaru masu yawa yana kaɗa jela.

Inda wasan ya gaza shi ne fitowa ta huɗu. Ukun farko labarin jiya suke bayarwa, jiya kuma ba ta tsufa. Ta huɗu an so ta nuna gobe, amma rubutun nata na gyaran 1993 zuwa 1994 ne. Kaka na wasan kwamfuta da tabarau a fuska, tanda mai jin magana na ɗaukar makin da ake kira a matsayin umarni, tana ta ƙara zafi har talotalon Kirsimeti ya ƙone. Raha ce mai kyau, yara na dariya. Amma tsalle daga shekarun 1940 na fitowa ta uku zuwa nan ya bar giɓin rabin ƙarni, kuma abin da ake nunawa a matsayin abin mamaki yana cikin aljihun kowane ɗan kallo. Wannan aikin marubuci ne da mai tsara dandali, ba na katafila ba. A sake rubuta ta, ko a amince cewa shekarun 1990 ma sun zama tarihi a gyara ta a kan haka.

Wanda ke neman gudu da ihu ba zai samu a nan ba, wanda kuma ba ya jin Turanci zai rasa rabin daɗin, don wasan magana ne. Ga mai son ganin yadda ake sa ƙarfe da roba su yi kamar masu rai, ya ware masa rabin awa da rana tsaka, lokacin da sauran layuka suka cika, ya zauna kusa da gaba inda zai ga yatsun John da kyau.