Gareji ko makarantar koyon sana'a: ina za a kai yaro ya koyi gyaran inji?

Uban da ke Gaya ko Ringim, in ɗansa ya ce kanikanci yake so, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko ita ce garejin bakin tasha. Yaro zai fara da wankin fulogi da miƙa wa oga sifana, a hankali kunnensa ya buɗe. Golf ta shigo tana kakkarwa, oga ya zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka cire inji bai canza murya ba, nan ciwon yake. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, inji na shan baƙin mai. Wannan ilimi ne na gaske, kuma kullum hannu na cikin aiki.

Amma motocin yanzu kwamfuta ke sarrafa su. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda ke sa kwamfutar mota ta nuna matsalarta da lamba, kuma yawancin Corolla da Camry da ake shigo mana da su suna da shi. A nan hanya ta biyu, wato makaranta, ta fi. Ɗalibi zai jona na'urar karanta matsala a ƙasan sitiyari, ya ga lambar P0171, ya san iska ta rinjayi mai, sai ya bi tiyo da famfon mai kafin ya sa mai mota sayen kaya a banza. Ga kuma takardar shaida ta NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i ta ƙasa. Matsalarta dai, a wasu makarantun, rubutu a allo ya fi aiki da inji yawa.

Ni ina ganin a fara da makaranta, hutu kuma ya yi shi a gareji, wurin ogan da ya mallaki na'urar.