Birkin Porsche da tsohuwar Golf ɗina

'Yan uwa na wajen Gumel, ina gaisuwa, da fatan an ga damina lafiya. Tun da na turo hoton nan da nake zaune a cikin jar mota wayata ba ta huta ba, daga masu cewa Allah ya sanya alheri sai masu tambayar ko za a aiko da tsohuwar motar tawa gida. To, motar ba tawa ba ce. Ta wani yayana ce na zumunci, likita ɗan wajen Dambatta da ya daɗe a nan Jamus. Tawa tana nan, Golf 4 ce da ta haura shekara 20 a duniya.

Wata Asabar ya ce in raka shi Würzburg. Da muka bar Stuttgart sai ya tsaya a gidan mai, ya miƙo mini makulli ya ce, "Ƙanena, zo ka ɗana." Na ce, "Yaya, ka rufa mini asiri, in na goge ta da me zan biya?" Ya ce akwai inshora, in yi bismillah kawai.

Porsche 911 ce, a unguwar Zuffenhausen ta nan Stuttgart ake ƙera ta, kuma tun 1964 take kasuwa. Sabuwarta ta haura Yuro 100,000. Zama a cikinta kamar zama kan tabarma ne, ƙasa-ƙasa, kwalta na dab da kai. Injin a baya yake, but a gaba, wurin tayarwa kuma a hagun sitiyari. Golf ɗina ƙarfin doki 75 gare ta, wannan kuwa kusan 400. Cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai take kaiwa kilomita 100 daga tsaye. A kan hanyar A81 muka wuce farin allon nan mai ratsin baƙi, alamar babu sauran iyakar gudu, ko da yake hukuma na ba da shawarar kada a wuce 130. Na ɗan taɓa totur, sai na ji kujera ta manne da bayana, ƙarar injin na tasowa ta ƙeyata. Kafin in ankara maleji ya haura 200, motar ko gezau.

Amma abin da ya hana ni barci daren nan ba gudun ba ne. Can gabanmu wata mota mai jan tirela ta shigo layin hagu don ta sha gaban babbar mota. Na taka birki sau ɗaya. Ba ta ja dama ba, ba ta ja hagu ba, sitiyari bai yi rawa a hannuna ba, taya ba ta yi kuka ba. Gudun ya zube nan take, har da ragowar fili tsakaninmu da tirelar. Jikina na ɓari, Yaya kuwa bai ma katse labarin da yake ba ni ba. Tun ina yaro nake shiga mota, ban taɓa sanin haka birki yake ba.

Ba a jima ba lokacin gwajin Golf ɗina ya zo. A ƙasar nan duk shekara 2 sai an kai mota an duba ta, sabuwa ce kawai ake ɗaga wa ƙafa zuwa shekara 3. In ta ci, a manna wata 'yar alama mai launi a lambarta ta baya, mai nuna wata da shekarar gwaji na gaba. Mai gwajin ya ɗaga ta sama, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya kira ni ya nuna mini da yatsa: bututun man birki ya ci tsatsa, birkin baya ɗaya ya fi ɗaya kamawa, tayoyin gaba sun kusa suɗewa, doka kuwa ta ce zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. Ya ba ni wata guda in gyara in dawo. Babu roƙo, babu "a duba yallaɓai", babu na goro. Na biya kuɗin gwaji sama da Yuro 100 na fito jiki a sanyaye.

A cikin makon na tarar da wani ɗan kati a maƙale jikin gilashina, na masu sayen tsofaffin motoci. Na kira lambar. Tambayarsa biyu ce: injin yana tashi? AC tana aiki? Da na kawo maganar birki sai ya ce ba damuwa, ai Afirka za ta. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Motar da aka ce ba ta cancanci ɗaukar ni kaɗai a titin da babu rami ba, ita za a loda a jirgin ruwa daga Hamburg ko Antwerp, ta sauka Kwatano ko Legas, a wanke ta a fesa turare, wani ya sayar da shanunsa da riɗinsa ya saye ta a matsayin sabuwa.

Daga nan kun fi ni sanin sauran. Ranar Alhamis ta kama hanyar kasuwar Maigatari, biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, yara a but tare da buhu da akuya, direba na famfa birki sau uku kafin ya kama, tayar ma ta gwanjo ce. In abin ya faru mu ce ƙaddara, mu yi zaman makoki, washegari mu sake cika wata. Ƙaddara gaskiya ce, amma ai an hore mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Na san direbobinmu na cikin matsi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in bai yi lodin ba ba zai mayar da kuɗin mai ba. Duk da haka, mai motar da ke da kuɗin sabon fenti da rubutun kirari a gilashin baya yana da kuɗin takalmin birki. Mu fasinjoji ma da laifinmu, mu ne masu zuga direba ya taka wai za mu rasa kasuwa.

Kada ku ɗauka komai na nan daɗi ne. Gareji sai ka nemi rana kamar ganin likita, kuɗin aiki da awa ake lissafawa, kuma ba sa gyara abu, cirewa suke su sa sabo. Na yi kewar bakanikenmu na gindin darbejiya, wanda daga jin ƙarar inji zai gaya maka ciwonsa, ya gyara, ya ce ka kawo kuɗin bayan girbi. Lasisina na gida ma wata 6 kawai ya yi mini aiki, sai da na sake zama jarrabawa.

Ita kanta Porsche ɗin, da za a kai ta ƙauyenmu, ba za ta wuce yashin bakin gari ba, cikinta zai zauna. Kujerun bayanta ko yaro ɗan firamare sai ya takure, buhun gero kuwa ba shi da wuri. Mota a wajenmu ta gari ce, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kai amarya. A nan Yaya ya ajiye tasa a ƙofar gida, maƙwabta su wuce ba mai ko cewa Allah ya tsare. Abin yana ba ni tausayi.

Golf dai na ƙi sayarwa, na cije na biya an gyara, ta ci gwaji. Kai kuma ƙanena mai jan Sharon ɗin Kawu, kuɗin da zan turo ƙarshen wata na taya huɗu ne da birki, ba na fenti ba. Ka duba gefen kowace taya, akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka ɗauki hotonsu ka turo mini ta WhatsApp kafin ka biya mai kaya.