Ido ko allo: wanne ya fi tsare ƙaramin jirgi daga karo a kusa da babban fili?

Ɗan'uwa mai tambaya, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama a Amurka, a wani ƙaramin fili da ke gindin babban filin jirgi mai cunkoso. Malaminka kullum maganarsa ɗaya ce, ka fid da idonka waje. Abokin karatunka kuma ya ce zamani ya wuce nan, ka sayi na'urar ADS-B, mai karɓar saƙon da jirage ke aikawa game da inda suke, ka haɗa da allo ka riƙa ganin kowa. Kana son sanin wanne ya fi kare mutum daga karo a sama. To bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa.

Ido dai shi ne doka. Hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta ɗora wa kowane matuƙi nauyin gani da kaucewa muddin sarari ya bari a gani, ko da hasumiyar da ke ba jirage umarni na magana da shi. Ido ba ya neman batir, kuma yana kama abin da na'ura ba ta san da shi ba: tsohon jirgin da aka ƙera babu lantarki a cikinsa, jirgi maras inji mai shawagi, har tsuntsaye. Sai dai rauninsa ya fi yadda sabon matuƙi ke zato, kuma a nan zan daɗe. Jirgin da zai gitta ta gabanka ya wuce lafiya, za ka gan shi yana tafiya a gilashinka, ido kuwa motsi yake farauta. Amma wanda kuke kan hanyar haɗuwa da shi ba ya gusawa ko kaɗan. Yana nan wuri guda kamar ƙwaron da ya maƙale a gilashi, ɗan ɗigo baƙi, ya daɗe yana ɗigo, sai a daƙiƙun ƙarshe ya bunƙasa ya cika maka gaba.

FAA ta ƙiyasta cewa daga hango abu zuwa gane cewa jirgi ne, zuwa yanke shawara, zuwa lokacin da jirginka zai amsa juyin da ka yi masa, daƙiƙa 12.5 ake ci. Yanzu yi lissafi. Jirage biyu na fuskantar juna, kowanne na gudun mil 120 na ruwa a awa, ke nan tazarar mil 4 suke cinyewa a minti ɗaya. In a mil ɗaya ka fara ganinsa, daƙiƙa 15 ce a hannunka. Shi ya sa ake koyar da duba sararin sama yanki-yanki, kamar digiri 10 a kowane kallo, ka tsayar da ido aƙalla daƙiƙa ɗaya kafin ka matsa, domin idon da ke sharar sama a guje ba ya riƙe komai.

Ga kuma fiffike. Cessna 172 fiffikenta a sama yake, yana rufe maka abin da ke bisa kanka. Piper Cherokee nata a ƙasa, yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinka. In mai fiffiken ƙasa yana gangarowa a kan mai fiffiken sama, su biyun sun nufi titin sauka ɗaya, to kowa na iya zuba ido iya ƙarfinsa bai ga ɗan'uwansa ba. A San Diego, ranar 25 ga Satumba 1978, matuƙan Boeing 727 sun ga wata Cessna 172, sannan ta ɓace musu a ƙarƙashinsu, suka afka mata, mutum 144 suka rasu. A Cerritos a 1986 wata Piper ta shiga sararin babban filin Los Angeles ba izini ta haɗu da jirgin fasinja DC-9, rayuka 82 suka salwanta. Duka biyun da rana ne, sama garau. Bayan na biyun ne aka tilasta wa manyan jiragen fasinja na'urar TCAS mai gargaɗin karo, aka kuma wajabta na'ura mai sanar da tsayin jirgi a cikin da'irar mil 30 ta manyan filaye.

To allo fa? Jirgi mai ADS-B yana ɗaukar matsayinsa daga GPS ya riƙa shelanta shi tare da tsayinsa da gudunsa. Tun 1 ga Janairu 2020 wannan shela ta zama dole a sararin manyan filayen Amurka, amma na'urar karɓa, wadda abokinka ke nufi, ganin dama ce. Duk inda ido ya gaza, nan ta fi ƙarfi. Tana nuna maka jirgi tun yana mil da yawa, tana nuna na bayanka da na ƙarƙashin fiffikenka, ta faɗa maka ƙafa nawa ke tsakaninku, yana hawa ne ko sauka. Rana a fuska ba ta dame ta ba. Ni a wannan fanni ban ga abin musu ba, ta yi wa ido fintinkau.

Amma kai tsaye, wanda ya yi shela kaɗai take ji. Kuma a Amurka zangon rediyo biyu ake shela a kai, 1090 da 978. Mai karɓar zango ɗaya sai ya jira tashar ƙasa ta maimaito masa na ɗayan, tashar kuwa ba lallai ta iske ka ba idan ka yi ƙasa sosai, daidai inda cunkoson yake. Ba kuma TCAS ta manyan jirage ba ce, ba za ta ce maka hau ko sauka ba. Abin da ya fi damuna shi ne allon da babu kowa a kai yana kwantar wa mutum da hankali fiye da kima. A Ketchikan ta Alaska, a watan Mayun 2019, jiragen yawon buɗe ido biyu masu sauka a ruwa sun yi karo, mutum 6 suka rasu, alhali duka biyun suna da ADS-B. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya gano cewa ɗaya ba ya aika tsayinsa saboda wata na'ura a kashe take, kuma babu matuƙin da ya ji ƙarar gargaɗi. Matuƙin da hankalinsa ke kan dutse da ruwa da fasinjoji, yaushe zai leƙa allo a daidai daƙiƙar da ta dace?

Saboda haka nesa da fili, kana ratsawa ƙarƙashin sararin manyan jirage inda ƙanana ke matsuwa a tsayi ɗaya, allo ne gaba, ido na binsa ya nemo abin da ya nuna. Da zarar ka shiga zagayen sauka, al'amarin ya juye. Jirage sun yi kusa da juna, alamominsu sun hau kan juna a allo, daƙiƙa uku da za ka sunkuya kana tantance su sun yi tsada. A Centennial ta Colorado a 2021, wata Cirrus, ƙaramin jirgi, ta zarce layin titinta wajen juyowa ta yanki wani jirgin kaya da ke sauka a titin da ke kusa, ga hasumiya na aiki. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu, Cirrus ɗin da lemar gaggawa da ke jikinta ta sauko. Abin da zai hana irin wannan shi ne rage gudu, riƙe layin titinka, da ido a kan maƙwabcinka.

In za ka saya, sayi mai karɓar zango biyun, ka haɗa sautinta da lasifikar kunnenka, ka gwada ka ji ƙarar kafin ka tashi, don gargaɗin ya shigo ta kunne idonka na waje. Kunna fitilar sauka ko da rana ne. Nemi masu rada su riƙa bin ka suna faɗa maka jiragen da ke kusa. Idan kuma mai hasumiya ya ce ga jirgi a damanka, kada kunya ta sa ka ce ka gan shi don ka ga alamarsa a allo. Ce masa kana nema. In ka gan shi sannan ya ɓace maka, danna rediyo nan take ka ce ya ɓace.