Manhajar ajiye bayanan marasa lafiya: ta cikin kwamfutar asibiti ko ta intanet?

Hajiya, tunda zaɓin naki tsakanin wadda ake girkawa a kwamfutar asibiti ne da wadda ake biya wata-wata ta intanet, ki ɗauki ta farko. Ita muke amfani da ita a ƙaramin asibitinmu, kuma ita zan ba duk wanda ya tambaye ni.

Tamu an gina ta ne a kan OpenMRS, manhajar da aka fara a 2004 domin asibitocin da ba su da ƙarfi, aka soma gwada ta a Eldoret ta ƙasar Kenya. Kyauta ce, kuɗin mai girkawa da koyar da ma'aikata kawai za ki biya. Kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da komai, ta wajen yankan kati da ta ɗakin ganin likita su haɗu da ita a cikin gida. Ko da sabis ko babu, aiki na tafiya, muddin sola da batir na da rai.

Abin da ya sa na riƙe ta hannu biyu shi ne wata dattijuwa mai hawan jini da ta zo mana ba kati, jikoki sun yi wasa da shi. Da aka tambaye ta maganin da take sha, sai ta ce ƙaramar farar ƙwaya. Ai kusan duk maganin hawan jini haka yake! Muka sa lambar wayar ɗanta, sai ga fayil ɗinta: awon jininta na watannin baya a jere, da bayanin cewa wani maganin hawan jini mai suna amlodipine ya taɓa kumbura mata ƙafa har aka canza shi. Da babu wannan, shi za a sake rubuta mata, ta sha wuya, ta daina shan magani gaba ɗaya kamar yadda da yawa ke yi. Da nas ta tambaye ta ya ƙafar, sai ta yi murmushi ta ce ashe ba a manta da ita ba. Tun ranar, da kanta take tambaya a nuna mata ko jinin ya sauka, ita ce ma ta kawo maƙwabciyarta mai ciwon suga.

Haka kuma duk ranar Litinin ungozomarmu na fitar da sunayen masu ciki da suka tsallake awo da yaran da allurar rigakafinsu ta wuce, a bi su da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, kuma da rajistar takarda ba ki gane wadda ta ɓace sai ranar naƙuda. Ƙidayar rahoton wata da ake kai wa ƙaramar hukuma a shigar a DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman lafiya a cikinta, ma ta yi sauƙi.

Ta intanet, to, ba laifi idan kina da rassa a garuruwa biyu ko uku. Amma ki tuna a Satumban 2021 an datse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, makonni ana haka. A Maris na 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, har bankuna suka tsaya. Mara lafiya ba zai jira sabis ya dawo ba.

Rauninta ɗaya ne tamun, in kwamfutar ta mutu ko aka sace, komai ya tafi. Don haka kullum kafin a tashi a kwafi bayanan a wani ma'aji na daban mai kalmar sirri, a kulle shi a wani wuri.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗauko wannan manhaja ta kyauta su sauya mata suna da launi, su ce su suka ƙirƙira, su tsuga kuɗi. Mafi muni su ne masu riƙe babbar kalmar sirri a hannunsu, ranar da kuka saɓa su hana ki bayanan marasa lafiyarki. Wasu kuma tsohuwar kwamfuta suke gogewa su kawo a kwali, ko batirin da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne. Kafin ki biya, a rubuta a takarda cewa bayanan na asibiti ne, a fitar miki da su a gabanki ki gani, a ba ki kalmar sirrin. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ke ce za ta tuhuma in sirrin mara lafiya ya fita. Ki nemi asibiti ɗaya da suka girka wa, ki je da ƙafarki, ki tambayi mai yankan kati ba mai asibitin ba.