Wace fitila ta dace da mai gudun miƙa sanda na dare a Saudiyya?

Gudun miƙa sanda da ake kwana ana yi ya samo tsarinsa mafi shahara ne daga Amurka, inda mutum 12 ke raba tafiyar kusan kilomita 320 zuwa zango 36, kowa ya ɗauki zango uku, motoci biyu suna biye da su. Ko ta yaya aka raba zangunan, da wuya mutum ya tsallake gudu cikin duhu, balle a nan Saudiyya, inda zafin rana ke sa duk mai hankali ya fi son dare. Gasar Ragnar ta Amurka, wadda ke bin wannan tsari, ta wajabta wa mai gudun dare abu uku: fitilar gaba, riga mai ƙyalli idan haske ya same ta, da jar fitila a baya. 'Yan'uwanmu da ke Riyad da Jidda masu shirin haɗa ƙungiya ya kamata su riƙi wannan ƙa'ida, kuma a cikin ukun fitilar gaba ce ke buƙatar nazari kafin a fitar da riyal.

Tocilan ta hannu ita ce mafi araha, sai dai tana ɗaure hannu guda, haskenta kuma yana lilo da kowane taku. A ajiye ta a mota domin ko-ta-kwana.

Zaɓi na gaske yana tsakanin fitilar goshi da fitilar ƙirji. Ta goshi tana bin ido duk inda aka juya, saboda haka ita ce ke nuna alamar kwana da allon hanya, kuma yawancinsu ba su da nauyi. Aibinta a wannan ƙasa shi ne ƙura. Idan motar ƙungiya ta wuce ta gefen hanya ta tayar da rairayi, hasken da ke fitowa daga saman ido yana dukan ƙurar ya dawo wa mai gudu, sai ya ga fari fat a gabansa alhali ƙasar da zai taka ba ta ganuwa. Haka kuma, da yake hasken yana tafiya kusan layi ɗaya da gani, inuwar duwatsu da ramuka takan ɓuya, hanya ta zama kamar shimfiɗaɗɗiya. Fitilar ƙirji tana haskowa daga ƙasa da ido, don haka kowane dutse yana fitar da inuwarsa, ƙura kuma ba ta makantar da mutum sosai, kuma irin wadda kantin kayan wasanni na Decathlon ke sayarwa tana haɗe da jar fitila a baya. Rauninta shi ne ba ta waiwaye sai an juya jiki duka. A ganina, wanda zangonsa ke kan kwalta mai fitilun titi, irin bakin tekun Jidda, ta goshi ta ishe shi, amma wanda zai ratsa hanyar ƙasa a wajen Riyad ko duwatsun Al'ula ya fi dacewa da ta ƙirji, ya kuma ɗaura ƙaramar ta goshi domin duba alamomi.

Kada adadin lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, da aka buga a kwali ya ruɗi mai saye. Lumen 200 zuwa 300 sun wadatar a kan kwalta, 400 ko fiye kuma sai a hanya mai duwatsu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon lokacin da hasken ke tsayawa da ƙarfinsa, domin a ma'aunin ANSI FL1 da manyan kamfanoni ke bi, ana ci gaba da ƙirga sa'o'in fitila har sai haskenta ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Ke nan fitilar da aka rubuta mata sa'o'i da yawa tana iya dushewa tun zango bai yi rabi ba, in an bar ta a kan mafi ƙarfi.

Batun batir ya shafi ƙungiya gaba ɗaya. Mai caji ya fi sauƙin kuɗi idan tafiya ta yi nisa, amma mutum shida a mota ɗaya, kowa da wayarsa da agogonsa, ba za su sami wurin caji yadda suke so ba. Shi ya sa na fi amincewa da masu karɓar iri biyu, kamar Petzl Actik Core da Black Diamond Spot 400, waɗanda ke aiki da batirin caji ko ƙananan batir AAA guda uku da ake samu a kusan kowane kanti. Sanyin hamada a watan Janairu yana rage ƙarfin batir, saboda haka a ajiye na canji a aljihu kusa da jiki.

A duba lambar IP ma, wadda ke nuna yadda fitila ke jure ƙura da ruwa. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, harafin X kuwa yana nufin ba a bayar da ma'auni a wannan ɓangaren ba. IPX4 tana jure gumi da yayyafi, wanda ya isa ga damshin Jidda, IP67 kuma ita ce ke tabbatar da cewa ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Fitilun da ba su da sunan kamfani, waɗanda ake samu da araha a kasuwar Batha da ke Riyad, galibi ba sa nuna wannan lamba, maɗaurinsu kuma yakan saki idan ya jiƙe da gumi, fitila ta riƙa tsalle a goshi.

Duk wadda aka zaɓa, a tabbata tana da jan haske na gaba, domin a wurin miƙa sanda da cikin motar da wasu ke barci farin haske yana cutar da idon abokan tafiya. Sannan a gwada ta da gudun sa'a guda cikin dare, a kwarin Wadi Hanifa da ke Riyad ko wani wuri mai kama da zangon da za a bi, tun da sauran kwanakin da kanti ya ba da damar mayar da kaya.