Mai duba tsofaffin zane-zane a Zango, Damagaram: aikinsa da inda ya gaza

Wanda ya gaji tsohon zanen fenti, shagon mai duba zane-zane da ke unguwar Zango ya cancanci zuwa. Malamin ba ya farawa da fuskar zanen, juya shi yake yi. Ƙusoshi masu tsatsa da yadin da ya yi duhu suna nuna shekaru, amma idan da maƙalin ƙarfe irin na ofis aka ɗaure yadin, galibi aikin bayan 1950 ne. Sannan ya haska fitilar duba jabun kuɗi a ɗaki mai duhu: tsohon banish, wato man ƙyalli da ake shafa wa zane a sama, yana bayar da haske kore-kore, wurin da aka ƙara fenti daga baya kuwa baƙi yake fitowa. Sa hannun mai zane da ya hau kan tsagewar fenti, daga baya aka ƙara shi.

A zanen takarda ya fi ƙwarewa. Yana ɗaga ta ga rana, in tambarin jinjirin wata uku ya bayyana, takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara a ƙarni na 19.

Gazawarsa, ba ya bayar da shaida a rubuce, kuma ba shi da na'urar gwada sinadarin fenti. Kada a goge zanen da ruwa ko kananzir kafin a kai masa, suna iya lalata shi.