Giyabos: a buɗe a gyara ko a sayo na Beljiyam?

Yaya, Allah Ya mayar da alheri. Tunda garanti ya ƙare, kuma ka ce giyar tana zillewa in mota ta yi zafi, ni dai na sha duka biyun, don haka ji nawa.

Gyara na fara yi, don ya fi araha a baki. Aka sauke giyabos, aka canza faiba (fayafayen kuloch ɗin da ke cikinsa), na yi wata biyu ina murna. Rannan na fito masallacin Juma'a, na sa ribas, inji na ta kuka mota ko gezau, sai yara ne suka turo ni. Ba na cewa gyara ba ya yi. Yana yi in ka samu wanda aikin giya kaɗai ya sani, ya canza har da sil da matatar mai, amma irinsu ba su da yawa, kuma kuɗinsu kan kusa kamo na wani giyabos ɗin.

Na Beljiyam kuwa, har yau ina sa wa bakaniken da ya raka ni Ƙofar Ruwa albarka. Ya ƙi mu taya kafin ya duba lambar jikin nawa ya gwada da ta can, domin mota iri ɗaya, shekara ɗaya, sai ka tarar giyarta ta bambanta saboda girman inji. Ya sa aka kwance kwanon ƙasa a gabanmu. Akwai maganaɗisu a ciki: ɗan baƙin laushi kamar toka ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, ka yi gaba. Ya dangwali man ya shinshina, ya miƙo mini yatsa, wai in ji babu ƙauri. Giyabos na uku da muka duba muka ɗauka. Shekara ta huɗu ke nan, na je Zariya na je Jos da iyali, ko sau ɗaya ba ta yi mini fizga ba.

Sai dai ka yi hattara, ko a Fanteka za ka saya ko Ladipo. Akwai masu wanke na gida da fetur, su fesa fenti, su rantse maka yanzu aka sauke daga kwantena. Dubi kan notuna ko sifana ta cinye su, dubi gefe ko an shafa gam. A rubuta maka kwanakin gwaji a rasit, ba a baki ba. Wanda ya ƙi, bar masa kayansa. Kuma kar ka tura bakanike shi kaɗai da kuɗi, ko da kun saba.

Kafin duk wannan, a sa mata kwamfuta. Wani lokaci solonoyid (ɗan bawul na lantarki mai buɗe wa man giya hanya) ɗaya ne ya mutu, ko mai ya yi ƙasa, a ce maka giya ta tafi.

In ta tabbata ta tafi, sayi na Beljiyam, tare da konbatarsa (abin da ke haɗa inji da giyabos), kar a mayar maka da tsohuwar. A wanke bututun da ke kai mai lagireto, in ba haka ba dattin tsohon zai shiga sabon. Man ma kar a zuba maka kowane ja: Honda DW-1, Toyota WS ko T-IV gwargwadon abin da littafinta ya ce, mota mai nau'in giyabos ɗin da ake kira CVT kuma nata daban ne. Turo lambar giyabos ɗin naka a nan mu gani.